Haddar Minnatullah

Talata, 20 ga Mayu, 4:50 na yamma

Jami'a ta riƙe sakamakon Minnatullah na darasin ilimin magunguna. Kwamitin ladabtarwa zai saurare ta ranar Laraba, 11 ga Yuni, ƙarfe goma na safe agogon Budapest, sha ɗaya agogon Makka.

Na rubuta shi kamar labarin 'yar wani, don ta haka kawai hannuna ya yarda. Shekara ashirin da biyu na yi a sashen Hausa na gidan rediyo a Jidda ina gyara wa mutane labari, kuma abin da nake fara nema ke nan: wa, me, ina, yaushe. Wa: 'yata, ita kaɗai Allah ya ba mu, shekararta ashirin da ɗaya, tana aji uku a fannin harhaɗa magunguna. Ina: ɗakin jarrabawa. Yaushe: 13 ga wata. Me: amsarta ta tambaya ta huɗu ta zo daidai da shafi na 83 da rabin na 84 na littafin da farfesan darasin ya rubuta. Kalma 412, babu ragi babu ƙari. Jarrabawa ce da ba a shiga da littafi ko waya.

Wasiƙar shafi biyu ce da Turanci. Ba ta ce an kama ta da komai ba. Cewa ta yi wannan daidaito "yana buƙatar bayani". A ƙarshenta an jera hukuncin da kwamiti ke iya yankewa, daga soke darasin zuwa kora. Izinin zamanta a ƙasar a jikin karatun yake rataye. In karatun ya tafi, shi ma ya tafi, da shekara uku na ranta.

Ni ta turo wa hoton wasiƙar, ba uwarta ba. Fatsuma tana kicin tana soya albasa. Ban gaya mata ba tukuna.

Laraba, 21 ga Mayu, 7:15 na safe

Jiya da na dawo daga magariba ta kira. A can rana ba ta faɗi ba, ina ganin hasken taga a bayanta.

"Abuya, ka karanta?"

"Na karanta."

"To ka ce wani abu mana."

Na tambaye ta inda ta zauna a ɗakin, da mutum nawa ke sa ido, da inda ta ajiye jakarta. Ta amsa duka ba ta yi gardama ba: layi na shida, masu sa ido uku, jaka a akwatin ƙarfe a waje, waya a cikin jakar. Daga nan na yi mata wata tambaya. Ba zan rubuta ta a nan ba. Kalma uku ce.

Sannan ta ce, "Tayyib, Abuya. Sai anjima."

Laraba, 2:30 na rana

Ba ta kira ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, 9:40 na safe

Fatsuma ta sani. Minna ce ta gaya mata, har da abin da na tambaya.

Ta shigo ɗakin karatu da tire, ta ajiye shayin da ƙarfi har ya fantsama a kan takarduna.

"Abu Minna, 'yarka ka tambaya ko ta yi sata?"

"Ban ce sata ba."

"Esh ka ce to? Yarinyar da ta haddace Alƙur'ani tana sha uku? Wa ya zaunar da ita kullum bayan la'asar da jarida? Ni ce?"

"Aikina ne ya saba min. Ba na rubuta abu sai na tabbatar."

"Ita ba aikinka ba ce. Halas."

Fatsuma haifaffiyar unguwar Jarwal ce a nan Makka, in ranta ya ɓaci Hausarta takan ƙare ta koma Larabci. Yau ba ta koma ba, in ban da kalma ɗaya ko biyu. Da Hausa ta faɗa min komai, a hankali, don kada in rasa ko kalma.

Asabar, 24 ga Mayu, 5:10 na yamma

Gaskiya ne, ni ne.

Bari in rubuta yadda aka yi, ko zan ga inda ya kamata in tsaya. Minna ta gama hadda a makarantar mata ta Jarwal, a lungun gidan kakarta Hajiya Zali. Da ta gama sai na ga kan nan bai kamata ya zauna haka ba. Kullum bayan la'asar in yanko mata sharhin jarida, Larabci ko Turanci, in ba ta rabin awa. Ta dawo ta tsaya gabana, ni da takardar a hannu, ta karanto. In ta tsallake kalma ɗaya, in buga fensir a tebur, ta koma farko. In ta sa wata kalmar a madadin wata, ko da ma'anarsu ɗaya, in buga fensir. Abin da nake ce mata: abin da aka rubuta amana ne, ba a gyara wa marubuci maganarsa.

A gidanmu ba a taɓa yaba wa yaro don ya faɗi abu da kalmominsa ba. Wannan aikin wanda bai yi tilawa ba ne. A makarantun nan ma haka ta tashi, wanda ya kawo amsa kamar yadda take a littafi shi ke cinye maki. Duk lokacin aikin hajji, in baƙi sun cika tsakar gidan Hajiya Zali, mutanen Kano da na Maraɗi, sai ta ɗaga murya: "Minna, zo ki karanta wa baƙi." A buɗe mata kowane littafi, a ba ta minti goma. Alhazai su yi ta kabbara. Ni kuma ina tsaye a ƙofa ina yi kamar abin bai dame ni ba.

Shekara biyun farko a Budapest jarrabawarsu ta zaɓin amsa ce, ko ta baki gaban malami. A ta baki har wani malami ya ce mata ta rage gudu. Wannan ce ta farko da aka ba su farar takarda aka ce su yi bayani.

Babu wanda ya gaya mata. Ni da na san yadda Turawa ke kallon wannan abu, na karanta shari'o'insa ba adadi, na taɓa sa an sallami wani mai aiko rahoto saboda shi. Ban taɓa haɗa shi da abin da nake yi bayan la'asar ba.

Lahadi, 25 ga Mayu, 11:00 na safe

Na nemi ranar ganawa don bizar zuwa wurin Minna. Mafi kusa 8 ga Yuli.

Ko da an ba ni gobe, na sa hannu a aikin fassara na hajjin bana, ba a ba da hutu sai alhazai sun watse.

Lahadi, 6:20 na yamma

Ba ta kira ni ba. Ta kira uwarta sau biyu. Ina jin muryarta ta bango.

Talata, 27 ga Mayu, 4:00 na yamma

Labarin da nake samu yanzu daga Ghada yake zuwa, 'yar Masar da suke haya tare, mai karatun likitan haƙori. Ita ta nemi lambata da kanta, Ammu take ce min, wato kawu. Hawa na huɗu suke, gidan ba lif, kicin ɗinsu bai fi shimfiɗar darduma biyu ba.

Ta ce an bar Minna ta ci gaba da sauran jarrabawa, amma yanzu a layin gaba ake zaunar da ita, mai sa ido ɗaya a gefenta daga farko har ƙarshe. Ranar Litinin an sa ta ɗaga gefen mayafinta a wani ɗaki, wata mata ta duba kunnuwanta. An yi da ladabi, in ji Ghada. An ba ta haƙuri sau biyu.

'Yan ajinsu suna da zaure a waya inda suke raba tsoffin tambayoyi. Ba a cire ta ba. Amma tun makon jiya in ta yi tambaya ba mai amsawa. Ta daina cin abinci a kantin jami'a, takan sayi burodi da cuku ta hau jirgin cikin gari zuwa bakin kogi, ta zauna a kan matakala ta ci, ta dawo laburare.

"Ammu, tana cin abinci, kada ka damu. Ni nake dafawa. Barci ne ba ta yi sosai."

Na tambaye ta ko Minna ta ambace ni. Ta ce, "Tana da jarrabawa da yawa, Ammu."

Laraba, 28 ga Mayu, 1 ga Zulhijja, 8:30 na safe

An ga wata. Arfa ranar Alhamis ta sama, Sallah Juma'a. Minna tana da jarrabawa ranar Sallah, ƙarfe tara.

Juma'a, 30 ga Mayu, 3:45 na yamma

Sa'ud, yayan Fatsuma, ya biyo mu gida daga masallaci. Ya rufe shagonsa na darduma a kasuwar Zahir don wannan magana, kuma ya zo da shawara a shirye.

"Malam Mukhtaru, ku 'yan boko kuna wahalar da kanku. Dabinon ajwa mai kyau, galan ɗin zamzam, turaren wuta kaɗan. Akwai yaron Hassan mai gwal da zai tashi bayan Sallah, ya bi ta can. A kai wa farfesan har ofis, a ce daga iyayen yarinya, daga Makka. Wa zai ƙi zamzam?"

"Mutumin ba Musulmi ba ne, Yaya."

"To sai me? Ba ya jin ƙishirwa?"

Na ce masa a can in ɗalibi ya kai wa malami kyauta ana cikin bincike, sunan abin cin hanci, kuma shi kaɗai ya isa kora. Ya dube ni kamar na zagi dabinon.

"Cin hanci da ajwa? Mu da duk malamin da ya koyar da 'ya'yanmu sai mun kai masa? La haula. Wane irin gari kuka kai 'yar mutane?"

Fatsuma ta tashi ta shiga kicin. Da ya tafi na ga akwatin ajwa a bayan ƙofar kicin, an riga an ɗaure shi, an rubuta sunan farfesan da rubutunta. Ta ga na gani. Ta ce, "To ni me zan yi? Ka gaya min abin da zan yi da hannuna." Na ɗauke akwatin na sa a saman kwaba.

Lahadi, 1 ga Yuni, 1:15 na rana, Muzdalifa

An turo mu duba allunan tashoshin bas kafin jama'a su iso. Fili fayau, ba kowa sai masu shara da motocin ruwa. Zafi arba'in da huɗu. Na bi alluna talatin da ɗaya ina karanta Hausar da ni na fassara. Biyu suna da kuskure, na rubuta a gyara.

Ina cikin inuwar wata bas Ghada ta turo takardun da kwamiti ya ba Minna. Akwai abin da ban sani ba.

A shafi na 84 na littafin akwai jadawalin awon wani maganin zuciya. An buga 50 a inda ya kamata a buga 5. Kuskuren maɗaba'a ne. Farfesan ya gyara shi da baki a aji ranar 4 ga Maris. A wannan ranar Minna tana layi a ofishin shige da fice tun asuba, ba ta je aji ba. A jarrabawa ta rubuta 50.

Farfesan ya rubuta wa kwamiti layi biyu a kai. Ya ce ɗalibar da ke tunani a kan abin da take rubutawa ba za ta ba mara lafiya ninki goma ba, don haka ko dai tana kwafa ne daga wani abu da ke gabanta, ko kuma akwai matsalar da ta fi wannan.

Na karanta layin nan sau biyar ina neman inda zan kama shi. A matsayina na edita, da zan bar shi yadda yake.

Litinin, 2 ga Yuni, 7:00 na safe

Hamsin.

Talata, 3 ga Yuni, 5:30 na yamma

Kwamiti ya yarda ta gabatar da bayani a rubuce, shafi ɗaya. Kwana biyu na yi ina rubuta mata. Na bayyana mene ne hadda, yadda ake koyon ta a Makka da Kano da Alkahira, yadda yaro ke ɗaukar shafi da idonsa har ya san inda layi ya karye. Na cire duk abin da ke kama da roƙo. Na ƙirga, kalma 380. Ban taɓa rubuta abin da ya fi shi tsafta ba.

Na tura. Bayan minti ashirin waya ta yi ƙara. Karo na farko cikin kwana goma sha huɗu.

"Abuya."

"Na'am, Minna."

"Ya yi kyau. Wallahi ya yi kyau ƙwarai."

"To ki sa hannu ki miƙa."

"Ana tuhumata da rubuta maganar wani a matsayin tawa. Kai kuma ka turo min taka in sa hannu?"

Kafin in amsa ta ci gaba.

"Zan rubuta da kaina. Ba zai yi kyau kamar naka ba."

"In kin gama ki turo in duba miki."

"La, Abuya. Kada ka duba."

Ta tambayi ƙafar kakarta, ta tambayi ko an gyara na'urar sanyaya ɗaki. Minti huɗu muka yi. Ban ce mata komai a kan tambayar ranar Talata ba. Na shirya maganar, tana nan a bakina, sai na ji ina gaya mata ta riƙa shan ruwa.

Alhamis, 5 ga Yuni, 2:10 na rana, Arfa

Ina tantin masu fassara. Tun safe nake haɗa ɓatattu da jagororinsu. Wata tsohuwa daga Gusau ta riƙe hannuna ta ce in faɗi buƙatata ta sa ni a addu'a. Na ce ina da 'ya a makaranta. Ta ce, "Allah ya ba ta haddar karatu." Na ce amin.

Juma'a, 6 ga Yuni, ranar Sallah, 11:20 na safe, Mina

Ghada ta turo hoto. Sun yi Idi a wani ɗakin wasanni da aka yi haya, layukan ƙwallon kwando a ƙarƙashin dardumarsu. Minna tana sanye da baƙar abayar da uwarta ta ɗinka mata bara, da jakar littattafai a baya. Daga nan ta wuce jarrabawa. Ta rame. Tana murmushi irin na hoto.

Ta turo wa uwarta barka da Sallah da murya. Ni ta rubuto min.

Lahadi, 8 ga Yuni, 4:30 na yamma

Hajiya Zali ba ta san komai ba, mun yarda a bar ta haka. Yau gidanta cike da baƙi kamar kowace shekara. Ta sa aka kira Minna a waya, ta ɗaga wayar sama tana nuna wa matan Maraɗi.

"Ga jikata da ke ƙasar Turawa. Wannan in ta kalli shafi sau ɗaya, halas, ya shiga. Minna, karanta musu wani abu na likitanci su ji."

"Sitti, na gaji yau."

"Ke dai rowa. Da kina ƙarama ba a roƙon ki."

Matan suka yi dariya. Fatsuma ta tashi ta shiga ciki, wai za ta duba nama.

Litinin, 9 ga Yuni, 6:00 na yamma

Ƙungiyar ɗalibai ta ba ta wakiliya da za ta zauna kusa da ita, wata 'yar ƙasar mai karatun lauya. Ta shawarce ta ta nemi abu ɗaya: a ba ta dama ta karanto shafukan da ka a gaban kwamiti. Ta ce dokar jami'a ba ta tanadi haka ba, amma ba ta hana ba.

Jibi.

Talata, 10 ga Yuni, 12:00 na rana

Na buɗe littafin nan ban san me zan rubuta ba. An gyara alluna biyun.

Laraba, 11 ga Yuni, 10:55 na safe

Fatsuma ta tafi Harami tun da hantsi, ta ce ba za ta iya zama tana kallona ina kallon waya ba. Ni kaɗai ne a gida. Na kashe rediyo.

Laraba, 12:30

Shiru.

Laraba, 3:40 na yamma

Ta kira ƙarfe ɗaya da minti ashirin, daga matakalar ginin. Zan rubuta yadda ta faɗa.

Mutum biyar ne a teburin: shugabar kwamiti, malamai biyu, farfesan darasin, da sakatariya mai rubutawa. Ta karanta bayaninta. Ban san me ke ciki ba. Daga nan wakiliyarta ta gabatar da roƙon. Shugabar ta ce to, a gwada.

Minna ta miƙe tsaye. An ce ta zauna, ta ce ba ta iya yi a zaune. Ta karanto shafi na 83 da rabin na 84, sakatariya tana bi da yatsa. Da ta zo kan jadawalin ta ce hamsin, ta tsaya, ta ce, "Haka aka buga. Biyar ne daidai." Ta ƙarasa. Babu kalmar da ta faɗi.

Sai farfesan ya ce wannan ya nuna abin da ta sani yau. Ta yi mako uku da sanin shafukan da ake magana a kai, kowa zai iya haddace su a mako uku.

Gaskiyarsa ne. Da ni ne a kujerar, abin da zan ce ke nan.

Ɗaya daga cikin malaman, wani dattijo da bai yi magana ba tun farko, ya jawo littafin ya buɗe inda hannunsa ya faɗa. Shafi na 211. Ya karanta layin farko ya ɗaga kai. Ta ɗauka daga nan. Ya rufe ya sake buɗewa, shafi na 37. Ta ɗauka. A na uku ta yi tuntuɓe a tsakiya, ta koma farkon shafin da kanta, ba wanda ya ce ta koma. Ta ce a nan dattijon ya cire tabarau ya faɗi wani abu da yarensu, sakatariya ta yi dariya ta toshe baki.

Farfesan bai yi dariya ba. Ya ce ya janye maganar cewa ta shiga da wani abu. Amma yana da tambaya. Ya ce ga mara lafiya mai shekara saba'in, ƙodarsa ba ta aiki sosai, likita ya rubuta masa wannan magani. Me za ta duba kafin ta miƙa masa, kuma don me? Ya ce kada ta karanto masa littafinsa, ya san abin da ke ciki.

"Me kika ce?"

"Na amsa, Abuya."

"Daidai?"

"Ban sani ba. Na yi ta kame-kame. Kalmomin littafin suna ta zuwa ina korarsu. Na yi kamar minti uku. Turancina ya zama kamar na 'yar aji ɗaya."

"Shi me ya ce?"

"Ya rubuta wani abu. Bai ce komai ba."

Za su sanar da hukunci a rubuce cikin kwana goma sha biyar na aiki. Shugabar ta ce ko da an yarda ba ta shiga da komai ba, akwai sauran tambayar ko rubuta maganar wani ba tare da ambatonsa ba laifi ne a jarrabawar da ba a shiga da littafi. Ta ce ba su taɓa samun irin wannan ba.

Kafin ta ajiye na ce, "Minna, tambayar da na yi miki ranar nan."

"Na sani, Abuya."

"Ba ki sani ba. Bari in faɗa."

Na faɗa. Ba a tsare ba. Ta saurara har na gama, ta ce jirginta ya iso.

Alhamis, 12 ga Yuni, 8:00 na safe

Kwana ɗaya cikin goma sha biyar.

Lahadi, 15 ga Yuni, 5:45 na yamma

Alhazai sun fara tafiya. Titin Jarwal cike da bas da akwatuna. Sa'ud ya aiko a tambaye ni ko yanzu za a iya kai ajwar, tunda an gama zama. Na ce a'a. Ya aiko cewa to shi zai cinye.

Minna ta gama jarrabawarta ta ƙarshe jiya. 'Yan ajinsu sun tafi wani tafki yin hutu, mutum biyu sun gayyace ta, ba ta je ba. Ba ta sayi tikitin gida ba. Wakiliyarta ta ce kada ta bar ƙasar sai takarda ta fito, don in hukuncin ya yi tsanani kwana goma sha biyar kawai take da su na ɗaukaka ƙara, kuma sai tana nan. Ghada za ta tafi Alkahira ranar 22. Daga nan ita kaɗai ce a hawa na huɗu.

Talata, 17 ga Yuni, 1:00 na rana

Babu.

Alhamis, 19 ga Yuni, 4:25 na yamma

Ta kira ni da kanta, ni ta fara kira kafin uwarta.

Yau da safe an buɗe rajistar zangon kaka a shafin ɗalibai na jami'a. Ta shiga don ta ga ko an toshe ta. Ba a toshe ba. Sunanta yana jerin 'yan aji huɗu, na goma sha tara. A gaban darasin ilimin magunguna ba maki, ba alamar faɗuwa, an dai rubuta rana: 28 ga Agusta, jarrabawar baki, ɗaki na 12, da sunan farfesan.

Na ce ta sake karanta min. Ta sake.

Ta kira wakiliyarta. Ita ta ce tana iya yiwuwa hukuncin ke nan aka shigar kafin a buga wasiƙa, tana kuma iya yiwuwa na'ura ce ta jera kowa da kanta kamar yadda take yi duk shekara, a cire ta daga baya. Ta ga an yi duka biyun. Minna ta je ofishin sashe, ta tarar da takarda a ƙofa: sakatariya tana hutu sai Litinin.

Fatsuma tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin karatu tana jiran in gaya mata ko ta yi guɗa. Na ce ta dakata.

Zuwa ƙarfe huɗu da kwata na yammacin nan sunan yana nan a jerin. Wasiƙa ba ta zo ba.